Yarinyar Tana Nan Lafiya

Zuwa ga Mai Girma Yayata, Babbar Gidanmu, wadda Allah Ya ɗora a kaina tun bayan rasuwar iyayenmu, wadda ba ni da ta cewa a gabanta sai da izininta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can, da dukan mutanen gidan da kike wa aiki. Idan kin tambayi lafiyarmu, muna nan lafiya ƙalau, ni da mai ɗakina da 'yarki Kurciya. Sai godiyar Allah.

Ki lura da kyau, Yaya, wannan rubutu hannuna ne. Ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Na zaɓi takarda a kan waya saboda dalili biyu. Na farko, minti goman da ake ba ki ranar hutu ba zai ɗauki maganar shari'a ba. Na biyu, duk sa'ad da kika kira, Kurciya tana tsaye a gefena, kuma akwai maganar da ba a yi a gaban yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya.

Domin takarda ta cika, zan maimaita abin da kika riga kika sani. Da aka ƙara mini girma zuwa Babban Mai Gadi a ma'ajiyar kamfani, sai ya zama wajibi in iya rubuta rahoto. Na ɗauko wani mutum ya riƙa zuwa gida yana koya mini. Da na ga natsuwarsa, ni da kaina na roƙe shi ya riƙa duba wa Kurciya lissafi ranakun da nake aikin yamma, mai ɗakina kuma tana kasuwa. Ya ci amanata, ya ci amanar yarinya. Ba zan ƙara kiransa Malam ba. A takardun nan sunansa mutumin nan.

Ga inda aka kwana. Lauyar gwamnati ta kira ni ofishinta, aka ba ni kujera mai hannu. Ta ce tuhuma huɗu ake masa, amma ita da lauyansa sun zauna sun ƙulla yarjejeniya: zai amsa ɗaya da bakinsa, a ajiye ukun. Amfanin haka, in ji ta, shi ne Kurciya ba za ta tsaya gaban jama'a ana jefa mata tambayoyi ba. Hukuncin kuwa ba zai gaza shekara huɗu ba, ba zai wuce goma ba, tsakani yana hannun alƙali. Na ce, "Ranki ya daɗe, su ukun ina za su tafi?" Ta ce, "Ba inda za su. Ba za a ambace su ba ne kawai." Ban gane sosai ba, amma na gyaɗa kai kamar yadda ya dace da mai muƙami.

Sa'an nan ta ce alƙali yana son takarda daga iyali, wadda za ta nuna masa halin da yarinyar take ciki, domin da ita zai auna nauyin hukunci. Wata ma'aikaciyar kula da yara ta ce za ta zo gida ta zauna da mu ta rubuta mana. Na gode mata, na sanar da ita cewa gidan nan akwai mai alƙalami. Kwana takwas na yi ina tsara ta a ɗakin gadi, da tsakar rana lokacin da manyan motoci suke ja baya. Na yaga shafi goma sha ɗaya kafin ta tsaya daidai.

Ranar da zan kai, Kurciya ta tare ni a bakin ƙofa ta miƙo mini wata 'yar takarda da ta yago daga littafinta, ta ninke ta ƙanƙane kamar ƙunshin magani. Ta ce, "Kawu, a haɗa da wannan." Na buɗe na duba sama-sama. Babu adireshi, babu sallama, babu "Mai Girma", da fensir kuma, duk ta goge ta sake. Irin wannan ba ta shiga gaban alƙali, sai ta zubar mana da mutunci. Don kada ranta ya ɓaci na ce mata to, na sa a aljihun rigar aikina. Da na dawo na ce mata na kai.

Ga kwafin tawa, ki gani da idonki:

"Zuwa ga Mai Girma Mai Shari'a. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata Mai Shari'a yana lafiya tare da iyalinsa. Idan ya tambayi yarinyar, tana nan lafiya ƙalau. Tana ci, tana sha, tana barci, tana zuwa makaranta ba fashi. Ba ta rasa komai a gidana ba, domin ni mutum ne mai riƙon amana, shekara goma sha tara ina gadi ba a taɓa ɗauke ko ƙusa a hannuna ba. Mu mutane ne masu haƙuri, ba mu saba kai kuka ƙofar manya ba. Abin da ya faru mun bar wa Allah, mun bar wa kotu. Muna roƙon adalci. Bawanka mai biyayya, kawun yarinyar."

Magatakardan kotu da ya karɓa ya ce rubutuna a tsaye yake. Na ga ya kamata ki sani.

Ƙaninki mai biyayya,
Babban Mai Gadi

* * *

Autan Inna, Sarkin Ƙofa,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, tsohuwata ma da sauƙi, sai rigimar tsufa. Ka gaishe mini da amaryarmu, ka ce Allah Ya saka mata.

Kai, wannan Hausa taka! Sai da na nemi kujera na zauna. "Babbar Gidanmu"? Ni da na goya ka kana jiƙa mini zane? To, na karɓi sarautar, sai dai ban ga rawani a cikin ambulan ba.

Bari in faɗa maka abin da takardarka ta yi. Tun wata biyu da suka wuce na haɗa kayana. Jakata tana bayan ƙofa a ɗaure. Na gaya wa ɗan tsohuwar nan ƙarshen wata zan tafi gida, 'yata tana bukatata. Ya ajiye mini takardar ƙarin shekara ɗaya a aiki a kan firij, ya ce in yi tunani. Kullum ina wuce ta ko kallo ba na yi. Don ka sani, a waya Kurciya ba ta ce mini komai sai "Lafiya lau, Mama." In tambaye ta makaranta, lafiya lau. In tambaye ta barci, lafiya lau. Muryar kuma siririya kamar daga cikin rijiya. Na ce a raina yarinyar nan ba ta da lafiya, ana ɓoye mini ne.

Sai ga takardarka. Layin nan na karanta shi ya fi sau ashirin: tana ci, tana sha, tana barci. Na ce ni ana iya lallashina, amma wannan alƙali aka rubuta wa. Auta ba zai yi wa alƙali ƙarya ba, shi da ko ɗan sanda ya gani a titi sai ya gyara hula. Na yi kuka na gode wa Allah, na kwance jakata, na sa hannu. Shekara ɗaya ce, in na daure karatunta ya tsaya da ƙafarsa.

Amma ukun nan da aka ajiye sun tsaya mini a rai. Wa ya ajiye su? A ina? An tambayi Kurciya?

Jiya ina yi wa tsohuwa kitso, sai na ga hannuna yana yin ƙanana-ƙanana irin na yara, irin wanda Kurciya take so. Tsohuwar ta ce, "Yau wa kike yi wa kitso, ni ko wata?" Na warware na sake.

Abu ɗaya ka manta, Malam Mai Alƙalami. Ka ba ni labarin fensir, ka ba ni labarin gogewa, ba ka gaya mini abin da ta rubuta ba. Me ta ce?

Yayarka

* * *

Zuwa ga Mai Girma Yayata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kina lafiya. Idan kin tambayi lafiyarmu, muna nan lafiya ƙalau.

Yaya, na rubuta layin nan na sama, sa'an nan na zauna ina kallonsa har direban wata mota ya gaji da yi mini oda a bakin get. Hannuna ne ya rubuta shi ba tare da ya shawarce ni ba. Ban goge ba, domin ki ga yadda abin yake.

Takardarki ta zo kwana biyu bayan zaman kotu. Da ta zo kafin nan, da wataƙila abin da zan faɗa ya canza. Zan bi shi daki-daki.

Na je da rigar aikina a goge. Ɗakin bai kai girman da na zata ba: benci shida, fanka ɗaya mai ƙara, taga a bayan lauyoyi. Gandirobobi biyu suka shigo da mutumin nan. Ya rame, amma har yanzu yana tafiya a hankali kamar mai tsoron taka tururuwa. Aka karanta masa tuhuma ɗaya. Ya ce, "Na amsa." Kalma biyu. Ban san abu mai nauyi haka yana iya shiga kalma biyu ba.

Sai lauyansa ya miƙe da takarda a hannu. Hasken taga ya bugi bayanta, na gane rubutuna tun kafin ya buɗe baki. Ba zan ɓoye miki ba, a daƙiƙar farko daɗi na ji. Na ɗan gyara zama domin a san mai ita yana wurin.

Ya ce, "Ya Mai Shari'a, ba ni na faɗa ba, kawunta ne da yake kwana gida ɗaya da ita." Ya karanta a hankali, yana tsayawa bayan kowace gaɓa. Tana ci. Tana sha. Tana barci. Tana zuwa makaranta ba fashi. Ya ce tun da Allah Ya sa yarinya ta warware, iyali kuma sun haƙura, wanda yake karewa ma ya amsa laifinsa bai wahalar da kowa ba, yana roƙon a tsaya a shekara huɗu. Lauyar gwamnati ta nemi goma, amma muryarta ba ƙarfi, ko sau ɗaya kuma ba ta waiwayo inda nake ba.

A nan ne mutumin nan ya juyo ya dube ni, ya gyaɗa kai. Ba gyaɗawar izgili ba ce, Yaya, da ita ce da na fi samun sauƙi. Ita ce wadda yake yi mini a teburin falo idan na kammala layi babu kuskure. Domin shi ya koya mini tsarin nan. Ya sha gaya mini, "Mai daraja ba ya buɗe takarda da kuka. Ko gidanka yana cin wuta, fara da lafiya." Na haddace, na yi ta kwafa har shafi arba'in. Ashe takardar da na kai kotu tasa ce, ni dai na riƙe alƙalami.

Alƙali ya ɗage yanke hukunci zuwa mako biyar.

Muka koma gida ni da mai ɗakina. Sai da muka shiga ta rufe ƙofa ta ce, "Maigida, wace yarinya ka rubuta? Ta gidan nan ko ta maƙwabta?" Na ce ta yi magana da ladabi. Ta ce, "Ladabin ne ya kai mu nan." Ta ja hannun rigata zuwa bayan randar ruwa, ta nuna mini inda Kurciya take tura abincinta a leda. Ta ce malamar ajinsu ta aiko sau biyu, wai tana zuwa kam, amma a bakin ƙofa take zama, wata uku ba ta rubuta ko baƙi ɗaya a aji ba. Ta ce barcin da nake faɗa, ita ce take kwana riƙe da hannunta. Ta ce duk ta gaya mini, ina cewa a bar ni ina aikin takarda.

Tun ranar nake lura. Teburin falo, idan za ta wuce, bango take bi da kafaɗa. Idan na cire murfin alƙalami, sai ta tashi ta fita tsakar gida. Wata shida ina ganin haka, ina cewa a raina yarinya ce mai tarbiyya, tana ba manya wuri.

Ina so a rubuta cewa ban yi ƙarya da niyya ba. Ƙa'ida na bi. Haka ake rubuta wa manya, kowa ya sani. Na faɗa wa kaina wannan sau da yawa a ɗakin gadi, amma da na ɗaga kai daga littafin rahoto sai in ga kamar akwai mai tsaye a kafaɗata yana duba layi, yana gyaɗa kai.

Game da tambayarki. Ban san abin da Kurciya ta rubuta ba. Na gaya miki na duba sama-sama na ga babu sallama. Gaskiyar ita ce na karanta kalma huɗu na farko, na ninke. Takardar tana aljihuna har yanzu. Idan mai ɗakina za ta wanke rigar sai ta cire, in ta bushe ta mayar. Ina jin ta a ƙirjina duk yini.

Maganar sa hannun da kika yi kuwa, na ɗauki alƙalami sau uku, ban sami tsarin da ake rubuta irin wannan ba.

Ƙaninki

* * *

Auta,

Ba gaisuwa yau.

Na karanta a tsaye a kicin. Sai da tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa sau uku kafin na ji tana kirana.

Ba zan zage ka ba, ba don ba ka ci zagi ba. Ni ma ai na ji muryar Kurciya. Uwa ce ni, na san muryar. Na so a ce mini lafiya, ka ce mini lafiya, na karɓa hannu biyu. Mu biyu muka rufe ta.

Ga abin da za ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Kada ka buɗe takardar nan a bayan idonta. Ka cire hular nan, ka ajiye girmanka a bakin ƙofa tare da sandar gadinka. Ka durƙusa har idonka ya zo daidai da nata. Ka ce, "Na ce miki na kai, ban kai ba." Haka kawai. Kada ka ce "bayan gaisuwa". Kada ka kawo dalili na farko da na biyu. Sa'an nan abin da ta ce a yi, shi za a yi. In ta ce a ƙone, ka ƙone. In ta ce a kai, ka kai ko da rarrafe, ko lauyar za ta wanke ka tas a gaban masinjoji.

Na sake ɗaure jakata. Ɗan tsohuwa ya ce na sa hannu. Na ce hannun nawa ne, da shi zan tafi. Ya ce sai an sami wadda za ta canje ni, sai an saki takarduna, mako uku ko shida. Ba zan riski ranar hukunci ba. Kai ne a wurin. Kai kaɗai gare ta a ɗakin nan, Allah Ya ji ƙanmu.

Ka gaya mata ina zuwa. Kada ka ƙawata. Ka ce, "Mamanki tana zuwa."

Yayarka

* * *

Yaya,

Ba mu da lafiya. Kurciya ba ta da lafiya, ta daɗe ba ta da ita. Wannan ne karo na farko da na buɗe takarda da gaskiya, kuma hannuna ya yi mini gardama kafin ya yarda.

Ban sani ba ko wannan za ta same ki ko za ku yi saɓani a hanya. Duk da haka zan rubuta, domin abin da ya faru ya zauna a rubuce.

Na yi yadda kika ce. Na same ta da hantsi a bayan gida tana wanke safar makaranta. Na cire hula na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara har ta ɗago kai. Na ce, "Na ce miki na kai, ban kai ba." Ta ci gaba da cuɗa safa. Ta ce, "Na sani, Kawu. Kullum ina ganin shatinta a aljihunka."

Wata biyu, Yaya. Kullum da safe tana miƙo mini ruwan wanke hannu, idonta daidai aljihun.

Na ce me take so a yi. Ta ɗauraye safa ɗaya. Sa'an nan ta ce, "A kai. Amma kai za ka karanta musu. Kuma kada ka gyara." Na ce ba zan gyara ba. Ta ce, "Ko wurin da na yi kuskure." Na ce ko wurin. Da na gaya mata kina zuwa, sai ta bar safar a ruwa ta shiga ɗaki, mai ɗakina ta bi ta.

Da na kai wa lauyar gwamnati takardar, ba ta ba ni kujera ba wannan karon. Ta karanta a tsaye, ta cire tabarau ta ce, "Malam, ka san abin da ka riƙe a aljihu?" Na ce yanzu na sani. Ta ce ba ta da tabbacin alƙali zai karɓa a ƙurarren lokaci haka, amma za ta roƙa.

Ranar hukunci lauyan mutumin nan ya yi tsalle ya ce an riga an rufe wannan babi, iyali sun yi magana. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ka rubuta ta farko?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ƙarya ce?" Shekara goma sha tara ba a taɓa kama ni da ko ƙusa ba. Na ce, "Ƙarya ce, ya Mai Shari'a. Na rubuta ta ne don a ce na iya." Ya ce in karanta ta biyun.

Na karanta da yatsa a kan layi, ina tuntuɓe, kamar ranar da na fara. Ga ta yadda take, ban taɓa ko ɗigo ba:

"Ba ni da lafiya. Kawu yana cewa ina lafiya. Ina cewa Mama lafiya lau don Kawu yana tsaye kuma don kada ta yi kuka a can ita kaɗai. Ba na son tebur. Ba na son ƙarar alƙalami. Da ina zuwa ta ɗaya a lissafi yanzu in na ga lamba cikina yana ciwo. An ce ya yarda sau ɗaya ne. Ba sau ɗaya ba ne."

A nan lauyansa ya miƙe ya ce wannan ya saɓa yarjejeniya. Alƙali ya ce, "Kotu ba za ta yi hukunci a kan abin da aka ajiye ba. Zauna. Ci gaba, Malam." Ba a shigar da layin cikin littafin kotu ba, amma ba wanda bai ji shi ba. Na ci gaba:

"Ba ni na ce ya zo gidanmu ba. Ina so in san ranar da da zai fito don in shirya. Ina son Mamata. Shi ke nan."

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo. Sa'an nan ya ce takarda biyu sun zo masa daga gida ɗaya, ɗaya ta gaishe shi, ɗaya ta gaya masa. Ya ce amsa laifi ya hutar da yarinya tsayuwa a kotu, doka kuma ta ce a saka wannan a ma'auni, don haka ba zai kai goma ba. Ya yanke shekara takwas, tare da hana shi koyar da kowane yaro har abada.

Ban san ko takwas adalci ne ba. Ukun da aka ajiye suna nan a ajiye, kuma na gane yanzu inda suka tafi: gidana suke, suna bin bango da kafaɗa.

Da na koma na gaya mata, domin ta ce tana son sanin ranar. Ta ƙirga a yatsunta ta ce, "Ina sha tara ke nan." Na ce haka ne. Ta ce, "Ka gyara?" Na ce ban gyara ba, har inda ta maimaita kalma na karanta ta sau biyu. Ta kalli aljihuna, ta ga ya kwanta. Da rana ta ci loma biyar, mai ɗakina ta ƙirga. Ba zan ce miki ta ci abinci ba. Loma biyar ta ci.

Na fitar da teburin falo, na ba wa mai gyaran kujeru na bakin titi. Yanzu a ɗakin gadi kawai nake rubutu, a kan gwiwata. Na yi tunanin in daina gaba ɗaya, domin duk baƙin da na ja, jelarsa irin ta mutumin nan ce, kuma har yau wani lokaci ina jin tsayuwarsa a kafaɗata. Amma da ban iya karatu ba, da wani ne zai karanta mata takardarta, ita kuwa ni ta ce. Na roƙe ta, in ta ga dama wata rana, ta nuna mini yadda take yin nata baƙaƙen in sake koyo daga farko. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ki zo, Yaya. Ni gadi na iya, shi ma kin ga yadda na yi shi.

Domin kada wani ya ce daga baya ba a karanta maganarta ba, ko a ce ban ƙaryata kaina da bakina ba, ga waɗanda aka yi a gabansu: Mai Shari'a da magatakardansa. Lauyar gwamnati. Ma'aikaciyar kula da yara, wadda na kora da godiya, ta kuma zo ta zauna a benci na biyu. Malamar ajin Kurciya. Mai ɗakina. Gandirobobi biyu, ɗayansu ya juya fuskarsa bango. Lauyan mutumin nan.

Da mutumin nan kansa. Na dube shi da na kai layin ƙarshe. Bai gyaɗa kai ba.

Ƙaninki,
kawun Kurciya